Tambaya da Amsa: Maƙabartar da ke cike da sassaƙaƙƙun duwatsu

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah na ga hoton wata maƙabarta wai a Armeniya, duwatsu ne tsaitsaye an sassaƙa musu gicciye da ado, ga tumaki na kiwo a tsakaninsu. Wai ta sarakuna ce? Kuma akwai mutane a wajen har yanzu?
Daga wata mai karatu a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Da alama Noratus kika gani, wani ƙauye a lardin Gegharkunik dab da tafkin Sevan, can saman tsaunuka wajen mita 1,900 sama da teku, sanyi kam ba a magana. Ba ta sarakuna ba ce, ta mutanen gari ce.

Duwatsun nan khachkar suke ce musu, sun kai wajen 900, mafi tsufa tun ƙarni na 10. Armeniyawa dai tun shekarar 301 suka ɗauki Kiristanci addinin ƙasa, shi ya sa gicciyen. Amma ni abin da ya fi burge ni su ne duwatsun da ke kwance, inda za ki ga an zana manomi da garmarsa, mahayi a kan doki, har akwai mai hoton biki da teburin abinci, wato dai rayuwar mamacin ce aka rubuta da kurfi a jikin dutse. Akwai labarin da suke bayarwa wai da rundunar Taimur, wani sarki mayaƙi daga tsakiyar Asiya, ta taho sai mutanen garin suka ɗora wa duwatsun hular kwano da takubba, maharan suka zaci sojoji ne suka juya. Almara ce, amma da daɗin ji.

Mutane kuwa suna nan daram, noman dankalin turawa, kiwo, kamun kifi a tafki, sannan maza da yawa ci-rani suke tafiya Rasha, tsofaffin mata kuma su zauna bakin maƙabartar suna sayar wa baƙi safa da hulunan da suka saƙa.

Da can maƙabartar Armeniyawa ta Julfa a Nakhchivan, wani yanki na ƙasar Azabaijan, ta fi ta yawan irin waɗannan duwatsu nesa ba kusa ba, sai aka rusa ta ƙurmus tsakanin 1998 zuwa 2006 a ƙarƙashin ikon Azabaijan, duk da hukumomin can sun musanta. To yanzu Noratus ce babba.