Amsa ga ɗan'uwan da aka tura aikin yuro ɗaya

Assalamu alaikum jama'ar gida. Wannan amsa ce ga ɗan'uwanmu da ya rubuto cewa Jobcenter, ofishin da ke kula da marasa aiki masu karɓar tallafi a nan Jamus, ta aiko masa da takarda ta tura shi aikin yuro ɗaya, wato aikin da ake tura mai karɓar tallafi a ba shi ɗan abin da bai wuce 'yan yuro ba a awa, awa 30 a mako, a shagon kayan gwanjo na wata ƙungiyar agaji. Yana tambaya ko dole ne ya je, ko za a yanke masa kuɗi in ya ƙi, kuma ko aikin zai yi masa amfani wajen takardun zama.

Malam, wallahi saƙonka ya taɓa ni, domin irin wannan takarda ta taɓa shigowa akwatina, kuma irin shagon da aka tura ka shi aka tura ni. Na ga wasu sun ce maka ka yi banza da ita, wai tsoratarwa ce kawai. Don Allah kada ka saurare su. Ka je ranar da aka rubuta maka, amma ka je da idonka a buɗe da biro a aljihu.

Ni a 2018 abin ya same ni, lokacin ana kiran tallafin marasa aiki Hartz IV, kafin a sauya suna zuwa Bürgergeld a farkon 2023. Kamfanin hayar ma'aikata da nake yi wa aiki ya sallame mu, kuɗin rashin aiki na farko ya ƙare, na koma kan yuro 416 a wata. Takardar da aka ba ni ta ce aikina tantance tufafi ne da jera kwanuka da littattafai a kan kanta, yuro ɗaya da rabi a awa. Gaskiya farkon zuwana ban ji haushin wurin ba. Zaman ɗaki ya ishe ni, ga shi na samu abokan hira, Jamusancina ma ya ɗan saki. Akwai wani dattijo Bajamushe, tsohon mai walda da ƙafa ta hana shi sana'arsa, mutumin kirki, Allah ya saka masa.

Sai aka kawo sabon mai kula da mu. Wannan mutum har yau in na tuna shi sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Ranar da ya fara ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wannan ai ƙato ne, me yake yi wajen ninke riguna? Daga nan ya mayar da ni cikin motar ɗaukar kaya. Gidajen tsofaffin da suka rasu ko aka kai su gidan kula da tsofaffi muke zuwa mu kwashe kaf: firiji, injin wanki, kabad ɗin katako irin na da da mutum uku ba sa iya ɗagawa, daga hawa na huɗu, babu lif. Kuma masu gidajen biya suke yi, da idona na ga takardar kuɗin. Wato aikin da kamfanin kwasar kaya zai biya ma'aikacinsa akalla yuro 8.84 a awa, mafi ƙarancin albashi na lokacin, shi nake yi a kan yuro ɗaya da rabi. Bai taɓa kiran sunana ba ko sau ɗaya. Sai dai ya ɗaga yatsa ya ce "kai, Afirka, zo nan". A gaban masu gida yake faɗa, a gaban masu sayayya yake faɗa, ni da furfurata, ni da ke da 'ya'ya da suka kai aure a gida.

Azumi ya kama a tsakiyar watan Mayu a shekarar, kun tuna tsawon yinin nan da zafin da aka yi. Na same shi a ofis cikin ladabi, na ce ranar Juma'a ina so in tashi da wuri in je masallaci, in rama awannin a wata rana. Ban ce a rage mini ko minti ɗaya ba. Ya yi dariya ya ce wanda gwamnati ke ciyarwa ba shi da zaɓin rana. Daga ranar ya tsiri ajiye mini kwasar gida mafi nauyi sai ranar Juma'a da tsakar rana. Da gangan yake yi, kowa a wurin ya sani, dattijon nan ma ya yi masa magana ya ce ba ruwansa. Na zama kamar jakin kasuwa, a lafta masa kaya a bi shi da sanda. Ina sauko da injin wanki a kan matakala, baki a bushe, sai na ji wani abu ya tsinke a ƙasan bayana. Na zauna a kan matakalar na kasa miƙewa. Mutumin nan ya tsaya a kaina yana duba agogo, ya ce in na gama wasan kwaikwayo akwai sauran kujeru a sama. Wallahi tallahi haka ya ce. Ban taɓa jin ƙasƙanci a ƙasar nan irin na ranar ba, har da shekarun da na yi a sansanin masu neman mafaka.

Likita ya rubuta mini hutu. Na kai wa mai kula da mu takardar hannu da hannu, amma dattijon ya sa na ɗauki hotonta tukuna, kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo lokacin da na miƙa. Duk da haka mutumin nan ya rubuta rahoto cewa na daina zuwa ba dalili, kuma tun kafin nan ina ƙin aikin da aka sa ni. Da rahotonsa aka yi aiki. Aka yanke mini kashi 30 cikin 100 na wata uku, kusan yuro 125 kowane wata. Mai albashi zai ce ai ba yawa. Wannan kuɗin shi ne nake matsewa in aika wa mahaifiyata na maganin hawan jini. Na kira ta ina kwance a ƙasa saboda gado ya gagare ni, tana tambayata lafiya ta ji muryata wani iri, ni kuma na rasa bakin gaya mata cewa wani mutum ne ya yi mini ƙarya a takarda. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, wannan kam har yanzu ina fama da zuciyata a kansa.

Abin da ya fitar da ni shi ne ofishin ba baƙi shawara na Caritas. Diakonie da AWO su ma suna da irinsa, kuma kyauta ne. Matar da ta karɓe ni ta ajiye takardar turawata gefe ɗaya, hoton takardar likita gefe ɗaya, ta tambaye ni ina aka rubuta kwasar gida a nan? Babu. Ita ta fahimtar da ni cewa sashe na 16d na SGB II, dokar tallafin marasa aiki, ya sa sharuɗɗa uku a kan wannan aiki: ya zama ƙari ne a kan aikin da ma'aikatan wurin ke yi, ya zama don amfanin jama'a, kuma kada ya ƙwace wa 'yan kasuwa ciniki. Tun 2011 babbar kotun harkokin jin daɗin jama'a da ke Kassel ta yanke cewa in aka sa mutum aikin da ba ƙari ba ne, yana iya neman a biya shi darajar aikin. Muka rubuta Widerspruch, wato takardar ƙin amincewa da hukuncin, dattijon ya sa hannu a matsayin shaida, aka janye hukuncin aka mayar mini da kuɗina. Jami'ar da ke riƙe da fayil ɗina da ta ga takardun ba ta yi gardama ba, ta cire ni daga wurin.

To Malam, ka ɗauko takardarka yanzu ka duba abin da aka rubuta a matsayin aikinka, da awanni, da kuɗin awa, da ranar ƙarewa. Duk ranar da aka sa ka wani abu dabam, ka rubuta a ɗan littafi: kwanan wata, wuri, abin da ka ɗauka, wa ya gani. Kada ka yi faɗa da kowa, kada ka yi fushi ka tafi gida, domin tafiyar ita suke jira. Ka rubuta wa jami'inka a takarda. Maganar waya iska ce, gobe za a ce ba a yi ba. In kana da ciwon baya ko gwiwa ko suga, ka kai takardar likita tun kafin ka fara, kada ka bari sai ka faɗi. In ka yi rashin lafiya ka roƙi likita ya buga maka shaidar a takarda, ka ɗauki hoto, ka kai wa wurin aiki, ka aika wa Jobcenter ita ma. In ka ji rauni a bakin aiki ka ce a rubuta a matsayin hatsarin aiki, akwai inshorar hatsari a kanka.

Maganar yankan kuɗi kuwa, e, ana yankewa in ka ƙi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Ranar 5 ga Nuwamba 2019 kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ta hana yankan kashi 60 da kashi 100 da ake yi a da. Dokar 2023 ta mayar da shi mataki-mataki, kashi 10 na wata ɗaya, sai 20 na wata biyu, sai 30 na wata uku. Amma daga baya gwamnatin Jamus ta Friedrich Merz ta sa dokar nan a gaba da tsaurarawa, saboda haka shafin gargaɗin da ke bayan takardarka shi za ka karanta da kyau, shi ne zai hau kanka. Kafin a yanke sai an aiko maka da Anhörung, wato a ji ta bakinka. Ka amsa ta cikin wa'adi. In hukunci ya zo kana da wata ɗaya ka yi Widerspruch, amma ka sani shigar da shi ba ya tsayar da yankan, sai dai ka je Sozialgericht, kotun harkokin jin daɗin jama'a, ka nemi hukuncin gaggawa, kuma mai karɓar tallafi ba ya biyan kuɗin kotu a can. In lauya kake so, Amtsgericht, ƙaramar kotun yanki, na ba da takardar taimakon shawara, yuro 15 kawai za ka cire daga aljihunka. Sannan doka ta ba ka damar shiga ofis da wanda zai raka ka. Kada ka je kai kaɗai in Jamusancinka bai zauna ba.

Kuma bari in faɗi wani abu da ke damuna a zauren nan. Duk ranar da wani ya kawo maganar Jobcenter sai wasu su fara habaici, wai ƙato da lafiyarsa yana cin kuɗin gwamnati. Ku ji tsoron Allah. Yawancinmu mun yi shekaru muna wanke-wanke a gidajen abinci da ɗaukar kaya a sito cikin dare, ana cire mana haraji. Yau kai ne da aiki, gobe kamfani ya rufe. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda wannan habaicin mutane ke ɓoye takardunsu har wa'adi ya wuce. Su kuma masu cewa ka kawo takardar likita ta ƙarya ka je ka yi aikin ɓoye a gidan abinci, ranar da jami'an kwastan suka dira a kicin ɗin ba za ka gan su ba. Kai za ka mayar da kuɗi, kai za ka tsaya gaban alƙali, kuma tabon zai bi ka har ranar neman fasfo. 'Yan'uwanmu da ke sansani ma ana sa su irin wannan aiki a kan santi 80 a awa, su ma a riƙa tuna su a gaya musu haƙƙinsu.

Batun takardun zama, kada wani ya yaudare ka. Aikin yuro ɗaya ba kwantiragin aiki ba ne. Ba a zuba maka kuɗin fansho daga cikinsa, kuma a idon ofishin baƙi har yanzu kai mai karɓar tallafi ne. Zaman dindindin a ƙa'idar gama-gari yana neman wata 60 na zubin fansho da ciyar da kai, waɗanda aka ba mafaka nasu sharaɗin ya ɗan fi sauƙi. Zama ɗan ƙasa tun Yunin 2024 ya dawo shekara biyar, amma shi ma sai kana riƙe da kanka. Alherinsa ɗaya, ɗan abin da ka samu a kai ba a cire shi daga tallafinka, sai dai awar da ka yi kawai ake biya, ranar ciwo da ranar hutu babu ko santi. Ka tambaya tun ranar farko wa zai biya kuɗin tikitin mota, kada ya cinye rabin abin.

Shi ya sa nake roƙonka, kana zuwa aikin nan kana matsa wa jami'inka lamba a kan koyon sana'a. Duk zaman da za ku yi ka tambayi Bildungsgutschein, takardar da ke biyan kuɗin kwas ɗin koyon sana'a, tun 2025 hukumar samar da aiki, Agentur für Arbeit, ce ke sa hannu a kai amma ta Jobcenter ake farawa. Ni da shi na yi lasisin tuƙa Stapler, motar ɗaga kaya, da kwas ɗin aikin sito, da shi nake ciyar da iyalina yau. In ka haura shekara 25 kuma ka yi shekara shida cikin bakwai ɗin da suka wuce kana karɓar tallafi, ka tambayi sashe na 16i, wannan aiki ne na gaske mai albashi da fansho, gwamnati ke biyan albashin gaba ɗaya shekara biyun farko.

Ka ɗora mana hoton shafin da aka rubuta ayyukanka mu duba tare, amma ka rufe sunanka da adireshi da lambar fayil. Ka kuma faɗi garin da kake, in akwai ɗan zauren nan kusa da kai mai jin Jamusanci ya daure ya raka ka ranar farko. Allah ya ba ka aiki mai albarka, ya haɗa ka da shugaba mai tausayi.