'Yata Tana Ganin Mai Ba da Shawara a Makaranta Ba da Sanina Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Muna zaune a Manchester ta ƙasar Ingila. Kwanan nan na gano 'yata mai shekara 14 tana zuwa wurin mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa a makarantarsu, ba wanda ya nemi izinina. Da na kira, sai suka ce ba za su faɗa min abin da suke tattaunawa ba. Suna da wannan hurumin? Babanta cewa yake mu cire ta kawai.
Wata uwa, Manchester

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Abin da ciwo, a ce kin haifa kin raina amma bare ya riga ki jin damuwarta. Sai dai a dokar Ingila suna da hurumin.

Tushen abin wata shari'a ce ta 1985. Victoria Gillick, uwar 'ya'ya 10, ta kai hukumomin lafiya ƙara don a hana likitoci ba 'yan ƙasa da shekara 16 shawarar hana ɗaukar ciki ba da yardar iyaye ba. Kotun ƙoli ta lokacin ta ce idan yaro ya kai hankalin gane abin da za a yi masa da abin da zai biyo baya, yardarsa ta wadatar. Da wannan ma'aunin makarantun sakandare ke aiki. Firamare ce aka saba neman sa hannun iyaye.

Sirrin ma yana da iyaka. Da yarinyar ta ambaci cutar da kanta, ko wani yana cin zarafinta, dole a sanar da jami'in kare yara na makarantar, kuma yawanci za a kira ku, sai fa in ana zargin daga gida haɗarin yake.

Ki roƙi maigida ya bar zancen cire ta. Ko a gida Najeriya, yaushe budurwa ta taɓa zama gaban uwa tana zayyana abin da ke ranta? Kunya ba ta bari, balle in 'yar fari ce. Wurin kaka ko goggo take zuwa. Ke a can wa take da shi? Kin ga ta nemi wanda zai saurare ta ne, kuma yarinyar da ta nemi taimako da ƙafarta ba abar faɗa ba ce.

Ki nemi makarantar ta ba ki rubutaccen tsarinta kan sirri, ki tambayi cancantar mai ba da shawarar, ki kuma gaya musu abin da addininku da tarbiyyarku suka ginu a kai. Ita kuwa, kada ki titsiye ta. Ku shiga kicin tare, ki ce kin ji, ba ki yi fushi ba, ki ja bakinki. In kika ga ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace mata, ko akwai yanka a hannunta, ki kai ta wurin likitanku ko ki kira 111, lambar neman taimakon lafiya cikin hanzari a Ingila, a ranar.