Kullum A Gajiye Nake Tashi

Tambaya: Likita dan Allah a taimaka min, kullum a gajiye nake tashi ko ban yi aikin komai ba, in na hau bene sai haki da jiri. Meke kawo haka?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Hakin nan da jirin yasa nafi zargin ƙarancin jini, musamman in al'adarki na zuba da yawa, amma ciwon suga da damuwa suma suna kawo kasala sosai. Kije asibiti a auna jininki da suga tukunna, kar ki kama shan maganin ƙarin jini da ka. Baccin awa 7 zuwa 9 ma dole ne fa, ki dinga ajiye waya da daddare. In kuma hakin yazo da ciwon ƙirji to kar ki bari sai gobe.