Tawadar da ta ƙi bushewa a takardar roba

Kai yaro, ka ce ka buga hoto a takardar roba da firinta Epson L805, tawada ta biyo yatsanka, kala kuma ta fito dishi-dishi. To ina za ta shiga? Takardar nan ba daga itace aka yi ta ba, robar polypropylene ce, ba ta shan ruwa, tawadarka kuwa yawancinta ruwa ce. Sai takardar da aka yi wa shafen inkjet a fuska, wato shafe na firinta mai feshin tawada irin taka. Shafen ke tsotse ruwan ya riƙe kalar a sama, baƙi ya fito ƙirin, ja ya fito wur. Takardar roba mai suna Yupo, wadda aka yi don babban injin bugu na ofset, ba taka ba ce. Ɗaga takardar a rana, in kana ganin inuwar hannunka, kada ka buga gaba da baya.

Amma ko tawadar ta bushe, ba ka tsira ba. Lokacin zaɓen 2019 wani ɗan kwangila ya kawo mini fostocin ɗan takararsa, wai lallai sai a roba, don ba ta yagewa. Na ce masa, Alhaji, takarda za ta shekara, amma tawadar dye, wato mai kama da rini, rana na cinye ta. In a waje za a liƙa, sai tawadar pigment mai jure rana, kuɗinta kuma daban. Ya dafa ƙirji ya rantse a cikin zauren taro za a rataya. Ya ba da ɗan kafin alƙalami, na ci bashin takarda, muka kwana muna bugu.

Ashe a katangun bakin titi ya manna su. Kafin a kaɗa ƙuri'a ja ya gudu, fuskar ɗan takara ta koma shuɗi-shuɗi kamar an tsoma shi a karofi, takarda kuwa ko ƙwarzane babu. Ya ɓamɓaro guda ya zo yana kaɗa mini a gaban yarana, wai na yi masa aikin jabu. Ciko ko sisi. Ni na biya bashin. Har yau in muka haɗu a ɗaurin aure, da hannu biyu yake gaishe ni, mara kunya.

Saitin firinta kuma kada ka tambaye ni, wannan ko mai share shago ya sani. Ku yaran yanzu, waya a hannu, bidiyo biyu kun zama ogogi. Je ka bubbuɗa takardun can kafin ka sa a inji, da hunturu mannewa suke yi, injin ya ja biyu-biyu.