Amsata Gare Ka, Ɗana, Kan Batun Aike Gida

Assalamu alaikum, ɗana. Ina fatan kana lafiya, da kai da mai ɗakinka da yara. Ya aiki, ya sanyin Manchesta? Mu nan gero ya shiga rumbu, dawa muke jira, kowa lafiya sai godiyar Allah.

Ƙanwarka ta kunna mini saƙonka bayan sallar isha'i. Ka ce, "Baffa, tsakani da Allah, dole ne wanda yake ƙasar waje ya riƙa aiko da kuɗi da kaya gida? Addini ne, ko al'ada, ko kuwa sabo ne kawai?" Ka ce haya da kuɗin wuta da haraji suna cinye mafi yawan albashinka na aikin jinya, ga waya ba ta hutawa, wannan aure, wannan suna, wancan waya sabuwa yake so.

Sai da na yi dariya, domin a gidan nan ba a taɓa furta wannan tambaya da baki ba. Amma dariyar ba ta daɗe ba, na kwana ina juyi. Yaron da ya yi irin wannan tambaya, ko dai an matsa masa har ya gaji, ko zuciyarsa ta fara nisa da gida. Na san tarbiyyar da marigayi yayana ya yi maka, don haka na fi zaton na farkon ne.

Ba kai ne na farko da ya fita daga gidan nan ba. Kakannin kakanninmu da jakuna suke fatauci zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi kasuwar Salaga, su dawo da goro bayan watanni. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can ya hau jirgin ƙasa, mutanenmu kuma suka zauna a zangon Kumasi. Ƙanen kakanka yana cikinsu. Mu yara Baban Kumasi muke ce masa, alhali yawancinmu ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, saƙonsa kawai muka sani. Saƙon yakan zo dab da lokacin biyan haraji, da kuma gabanin Babbar Sallah. Baban Kumasi zai ba wani bafatake kuɗin Gana a can, abokin hulɗar bafataken a Kasuwar Kurmi ya ƙirgo wa kakanka fam da sule, babu takardar banki, babu shaida sai Allah. Kaya kuwa a hannun masu dawowa suke zuwa: ƙwaryar goro a naɗe cikin ganye, turmin atamfa na Iya, wato kakarmu, da sabulu, da wasiƙa da ajami. Hannun kakanka kaɗai saƙon yake shiga. Shi zai biya harajin mazan gidan, ya miƙa wa Iya goro ta raba wa matan gida da maƙwabta, kowa ya sa albarka. Ban taɓa jin wani ya sa an rubuta wa Baban Kumasi wasiƙa yana roƙonsa wani abu a bayan idon kakanka ba. Abin kunya ne da zai bi mutum har 'ya'yansa.

To, a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fice cikin mako biyu. Azumi ake a lokacin, Najeriya kuma tana cikin yaƙin basasa. A rediyon mai unguwa muka ji. Iya ta daina cin abin kirki in an sha ruwa, sai ta kurɓi kunu ta koma kan buzunta.

A goman ƙarshe ya iso. Ina zaune a dakalin ƙofar gida da la'asar sakaliya, hazo ya rufe gari, sai na hangi wani dattijo yana tafe daga wajen tasha, akwatin ƙarfe a kansa, mace tana biye da goyo, ga yara suna jan ƙafa, leɓunansu duk sun tsage. Na ɗauka matafiya ne masu neman wurin buɗa-baki. Ya sauke akwatin, ya dubi ƙofar, ya dube ni, ya tambaye ni ko ɗan wane ne ni. Da na faɗa masa sai ya dafa kaina, hannunsa yana rawa. Sun biyo ta Akra da Lome da Kwatano a bayan babbar mota, sun yi kwanaki a bakin iyaka, sannan jirgin ƙasa daga Ikko. Rumfarsa da kayan ɗakin matarsa da bashin da yake bin mutane duk a can ya baro su, abin da ya samu ya sayar ma a wulaƙance aka saya.

Matar da yaran aka shiga da su, gida ya kaure da kuka da guɗa a haɗe. Shi kuwa ya ƙi wuce zaure. Ya zauna a kan akwatinsa ya sunkuyar da kai. Iya da kanta ta fito, abin da ba ta saba ba, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ciki tana kiransa, ya ce, "Iya, da wane ido zan shiga? Hannu biyu na dawo." Aka kira sallah, aka kawo kunun tsamiya da ƙosai nan zauren, ya sha ruwa kawai.

Kakanka bai ce masa komai ba sai bayan asham. Ya aike ni ɗakinsa in ɗauko gafakarsa, ya sa na riƙe masa fitila. Ya zaro wasu takardu da suka yi ja don daɗewa, ya fara karantawa da ƙarfi, gaban mazan gida duka. Shekara kaza ka aiko da fam kaza, an biya haraji da kaza, an yi wa Iya magani da kaza, saura kaza na sayi karsana na ba Fulani kiwo. Shekara kaza karsana ta haihu. Shekara kaza an sayar da bijimi, an karɓi jinginar gonar bakin rafi, daga baya mai ita ya sallama. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har da shekarar da saniya ta mutu, har da shekarar da ya ranci wani abu a ciki don auren goggonka ya mayar bayan an sayar da gyaɗa. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Shanunka suna ruga, gonarka dawa ce a cikinta, ɗakin da ke kusa da na Iya da kuɗinka aka yi masa azara. Tashi ka shiga gidanka."

Ɗana, ni dai ina riƙe da fitila, ina ganin hawaye yana bin gemun mutumin nan, bai share ba. Ashe shi bai san da ko anini ba. A zatonsa duk abin da ya aiko an ci an sha. Ya yi sallar idi a cikinmu da rigar kakanka, da rani ya sayar da sa ɗaya ya kama sayar da goro a kasuwar garinmu. Lokacin farin 1973, da naira ta shigo kuma hatsi ya yi wuya, sauran shanun nan ne suka riƙe gidan gaba ɗaya, har da babanka yana saurayi.

A jirgin da ya kawo shi akwai wani mutumin unguwar gabas da ya yi shekaru ba wasiƙa ba saƙo. Shi a zauren mai unguwa ya sauka, don 'yan'uwansa sun riga sun raba gado ba da shi ba. Iya ta tausaya masa ƙwarai, ita ke aika masa tuwo, amma takan ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Game da ƙasar mutane kuma cewa take, "Baƙo raɓa ne." Na ga gaskiyarta da idona. A 1983 mu ma gwamnatin Shagari ta kori 'yan Gana da sauran baƙi. A 2011 yaranmu suka gudo daga Libiya, a 2023 ɗalibanmu suka fito daga Khartum a motoci zuwa iyakar Masar. Ku ma can kai da bakinka ka gaya mini tun Maris na 2024 an hana masu zuwa aikin kula da tsofaffi tahowa da iyalansu. Ba fata nake maka ba, Allah ya tsare, amma dokar ƙasar da ba taka ba tana iya juyawa kana barci.

Kakanka yakan ce, "Abin ɗan ci-rani ba a cinye shi duka, akwai amana a ciki." Wannan ne ya ɓace mana, kuma laifin ya fi yawa a wajenmu mu na gida. Na ji a rediyo Bankin Duniya ya ce 'yan Najeriya mazauna waje suna aiko da kusan dala biliyan 20 a shekara. Ina shanun? Ina gonakin? Mutum ya aiko a gina masa gida, a tura masa hoton ginin wani, ya dawo ya tarar da fili da ciyawa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, fam ɗin Ingila ya haura naira 2,000 a 2024, sai kowa ya iya lissafi, yaro ya zauna a majalisa yana buga albashinka a waya, bai san kana tsaye kan marasa lafiya har gari ya waye ba. Kallon kitse ake wa rogo. Kuma waya ta cire kunya. Da sai an nemi mai rubutu, an nemi mai tafiya, kafin nan zuciya ta yi sanyi mutum ya fasa roƙon. Yanzu yaron da bai gaishe ka da sallah ba zai turo maka lambar asusu da tsakar dare.

Ku ma na waje kuna da naku. Wasunku sun mai da aike madadin gaisuwa, kuɗi su shigo, murya ba ta shigo ba. Wasu kuma su zo hutu suna rabon kuɗi a ƙofar gida don a gani, su koma su ci bashi, su ja wa na bayansu. Iyayenmu sun ce zumunta a ƙafa take. Ƙafa ta yi nisa, na sani, amma Hajiyarka ta fi murna ranar da ka kira ta kuka daɗe kuna hira fiye da ranar da wayarta ta yi ƙara kuɗi sun shigo. Ni nake ganin fuskarta.

Da ka ce addini ne ko al'ada, abin da muka karanta a Risala a gaban malamanmu shi ne, ciyarwar da ta wajaba a kan namiji ita ce ta matarsa, da 'ya'yansa ƙanana, da iyayensa biyu idan matalauta ne. Sauran dangi ba wajibi ba ne, sada zumunci ne, kuma hadisi ya ce sadaka ga ɗan'uwa lada biyu gare ta. Cikin Suratul Isra'i, aya ta 29, Allah ya hana a ƙuƙunce hannu a wuya, ya kuma hana a shimfiɗa shi gaba ɗaya. Don haka Hajiyarka ba abin tambaya ba ce. Ka yanka mata abin da za ka iya duk wata, ko kaɗan ne, kada ya yanke. Kuɗin makarantar ƙannenka mata ma ina so ka riƙe, don marayu ne. Kada ka ci bashi mai ruwa saboda bikin kowa, ko da nawa ne. Kakanka yakan ce daidai ruwa daidai tsaki. Kaya kuma ka rage, kuɗin dakon jaka ɗaya ya isa a saya musu abin a Kantin Kwari ko Sabon Gari, har a yi saura.

Daga yau duk wanda ya kira ka da wata buƙata, ka ce ya zo ya same ni. Na sayi littafi, ƙanwarka za ta riƙa rubutawa, duk abin da ya shigo da inda ya tafi, ta ɗauki hoton shafin ta tura maka ƙarshen wata. Akwai fili a bayan makarantar firamare da mai shi yake neman sayarwa, zan sa a binciki takardunsa kafin in ce maka komai.

Batun ɗan goggonka da yake so ka saya masa babur mai ƙafa uku, wannan ban yanke ba tukuna. Yaron ba malalaci ba ne, amma na ji an ce akwai bashi a kansa, kuma ina so in ji daga bakin ubansa. Kada ka ce masa e, kada ka ce masa a'a, sai na neme ka bayan Juma'a. Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka shafa kan yara. Allah ya yi maka albarka.

Baffanka.