Amsar malamin kiɗa daga zangon Kumasi

Malam, saƙonka ya iso kuma na karanta shi a natse. Ka ce ka kasa gane yadda aka yi jikan mafataucin goro, wanda babu gadon kiɗa a gidansu, ya ƙare da koyar da kiɗa a makarantar gwamnati. Ka tambayi taron da kake ganin hotona a ciki, ni kaɗai mai hula tsakanin Tonawa (wato Ashanti) da 'yan ƙabilar Ewe, ga ganguna jibge a gabanmu. Daga ƙarshe ka sako wadda ta fi zafi, wai mu mutanen Gana har yanzu muna ƙirga kanmu cikin Hausawa kuwa? Na san ba da mugun nufi ka faɗa ba, amma ta sosa mini rai, shi ya sa amsar za ta yi ɗan tsawo.

A wurinku da an ce kiɗa, maroƙi ake hangowa a ƙofar gidan biki. A nan darasi ne da ke cikin manhaja, da lokacinsa a jadawali, da sufeton da ke zuwa ya duba littafin shirin darasinka. An sha juya shi dai. Gyaran ilimi na 1987 ya cusa shi cikin darasin al'adu, a 2007 aka haɗa shi da zane da sana'ar hannu a firamare, sabuwar manhajar 2019 ta bar shi a haɗen, kuma daga 2024 yana cikin abin da yara ke rubutawa a jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Matsalar ita ce a firamare malamin aji ɗaya ne ke koyar da komai, kuma yawancinsu ba su taɓa riƙe ganga ba. Idan lokacin kiɗa ya zo, sai a ci gaba da lissafi, ko a ce yara su zana mangwaro. Mu da muka karanci abin a jami'ar horar da malamai ta Winneba ba mu da yawa. Za ka tarar da mutum shi kaɗai ne a makarantarsa, wani lokaci shi kaɗai a makarantu da dama na kewaye. Malamin Turanci yana da abokan shawara a ɗakin malamai, kai kuwa ba ka da wanda za ka tambaya yadda ake koya wa yara sittin busa alhali sarewa goma ke cikin kabad. Dalilin taron da ka gani ke nan.

Cikin hanyoyin ƙaro ilimi akwai wanda hukuma ta wajabta. A 2018 aka wajabta wa sabon malami cin jarrabawar lasisi, kuma ana sabunta lasisin ne da makin da mutum ke tarawa daga bita da kwasa-kwasai. Kowane mako malaman makaranta kan zauna awa guda su ƙara wa juna sani, abin da ake kira PLC, mu ranar Laraba muke namu. A 2020 gwamnati ta fara biyan alawus na ƙaro ilimi, a lokacin sidi 1,200 a shekara ga ƙwararren malami. Mun gode, amma in ka cire kuɗin mota da na rajistar bita, abin da ya rage ba ya sayen ganga mai kyau. Zaman Laraba kuma karatu da lissafi ne ke cinye shi. Inda na fi ƙaruwa shi ne haɗuwar da mu malaman kiɗa da rawa na yankinmu muke shiryawa da kanmu, musamman idan gasar al'adu ta makarantu ta ƙarato, sai kuma zaurenmu na WhatsApp da ba ya barci.

Bari in nuna maka yadda zaman yake. Muna da wani abokin aiki Ewe, mutumin yankin Volta, wanda ba ya barin kowa ya taɓa ganga sai ya iya riƙe ƙarfen. Gankogui suke ce masa, ƙarfe ne mai baki biyu, ɗan'uwan kugen da ake kaɗawa a fadojinku. A kiɗan agbadza bugu bakwai yake yi a cikin ƙirga goma sha biyu, ƙafa kuma tana taka huɗu a ƙasa. Sai ya jera mu a da'ira, manyan mutane masu digiri, ya ce ƙafa ta fara, sannan tafi, sannan ƙarfe. Duk wanda ya ɓace ba ya tsayar da shi, sai ya matso kusa da kunnensa yana faɗin bugun da baki har ya dawo hanya. Ranar Litinin haka nake yi da yarana a aji, kuma yaron da ke ɓuya a bayan aji lokacin karatu sau da yawa shi ne ke fara kamawa.

Da layi ya zo kaina, ban tsaya bayani da alli ba. Na je wajen mahauta na ɗauko wani dattijo makaɗin kalangu da ya yi wa iyayenmu kiɗan aure. Da ƙyar ya yarda, yana cewa me zai faɗa wa 'yan boko. Ya zo da babbar riga, ya zauna a kujerar da ake ajiye wa mai gabatar da darasi, ya sa kalangu a hammata. Ya matse tsirkiya murya ta hau, ya sassauta ta sauka, ya faɗi karin magana da baki sannan ya maimaita ta da ganga. Malaman Tonawa suka gane nan take, domin su ma suna da gangunan atumpan masu magana, kuma suna da dondo mai siffar kalangu, kamar yadda Dagomba ke da lunga. Wata malama 'yar Fante ta ɗauko biro tana rubuta hawa da saukar muryar da alamun do-re-mi, tana cewa ya sake, yana sakewa. Tambayoyi suka yi ta zuwa: fatar me ake ɗaurawa, me ya sa kalangu ya zama na mahauta, yaya ake gane taken mutum da na sana'a. Da aka tashi ba a yi masa liƙi ba. An miƙa masa takarda ya sa hannu, ya karɓi haƙƙinsa kamar kowane malami da aka gayyato. A hanyar komawa bai ce komai a kan kuɗin ba, maganarsa duka a kan matar nan ce da ta rubuta kiɗansa a takarda. Malam, ka gaya mini tsakani da Allah, a makarantu nawa na Kano aka taɓa zaunar da makaɗi a kujerar malami?

Ba zan ɓoye maka wahalar ba. Abokan aikina kusan duka a coci suka tashi, tun suna yara suke rera waƙa da murya huɗu, suna karanta do-re-mi kamar jarida. Ni abin da na je da shi Winneba kunne ne kawai, wanda ya saba da ishiriniya da ƙasidun Mauludi da waƙoƙin gaɗa na gwaggonnina. Su ne suka zauna da ni da dare suna nuna mini hannu a kan piyano, kuma ba wanda ya taɓa cewa in bi shi coci. Ni ma ina da iyakata kuma sun san ta. Ba na koya wa 'ya'yan Musulmi waƙar ibadar wani addini. Idan bita ta faɗo Juma'a, ina tashi in tafi masallaci, kuma yanzu su da kansu suke tsara hutun rana ya dace da lokacin. Da azumi ba a sa ni busa.

Maganar halacci kuwa na bar wa malamai, sun yi saɓani tun kafin a haife mu. Uban da ya zo ya ce 'yarsa ba za ta yi rawa a gaban jama'a ba, ba na ja da shi. Sai in ba ta aikin da za ta samu makinta: ta je wurin kakarta ta rubuto waƙar daka ko ta reno, ta kawo mu koya. Mafi kyawun abin da ke cikin littafina ta wannan hanya na same shi. A makarantun sashen ilimin Musulunci, wanda gwamnati ta kafa a 1987, wasu shugabannin sun fi son a tsallake darasin gaba ɗaya, sai na je na zauna da su mun duba manhajar tare. Kuma kada ka ɗauka mu kaɗai muka sha wannan gardama. Ephraim Amu, wanda duk malamin kiɗa a ƙasar nan ke ɗauka uba, coci ce ta raba shi da aikinsa a kwalejin Akropong a farkon shekarun 1930, saboda ya hau mumbari da zanen gargajiya kuma yana koya wa ɗalibai ganga. Sarewar gora da muke koyarwa yau, atenteben, shi ya gyara ta ta shiga aji. Bayansa Farfesa Kwabena Nketia na Jami'ar Legon, wanda ya rasu a 2019, ya kai kiɗan Afirka matsayin ilimin da ake yi wa digiri.

To, batun ko mu Hausawa ne. Kakanninmu 'yan gida ɗaya ne ta wajen uba, ka sani. Naka ya zauna a Kano, nawa ya bi ayarin Gwanja, ya yi zama a Salaga, daga baya ya gangaro Kumasi. Matarsa ta farko Badagomba ce. Mahaifiyata kuma 'yar Tonawa ce daga wajen Mampong, ta musulunta kafin aure, kuma ban taɓa ganin ta sha azumi ba sai da lalura. Na san abin da ake cewa a can, wai mun narke. Amma ayarin nan maza ne zalla, wa kake so su aura? A al'adar Tonawa ɗa na dangin uwa ne, a tamu na uba ne, don haka kawunnena suna cewa ni nasu ne, baffannina ma haka, kuma ban ga asara a ciki ba. A gidanmu da Hausa ake faɗa, da Hausa ake sulhu, liman ne ke raɗa suna ranar bakwai, kuma amarya ba ta fita sai an sa mata lalle. Kuna mana dariya don muna ce wa mace "ya zo". Haka ne, harshenmu ya sauya. Sai dai ka shiga unguwar Aboabo a Kumasi ko Nima a Accra ka ji da wane yare Frafra da Zabarma da Kotokoli ke ciniki. Mu muka riƙe shi har ya zama na kowa. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano ya rasu a Kete Krachi a 1934, a ƙasar nan ya yi yawancin rubuce-rubucensa na Hausa da Larabci.

Akwai abin da ba ku cika tunawa ba. A ƙarshen 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Mahaifina ya tsira saboda a nan aka haife shi kuma dangin mahaifiyata sun tsaya masa. Ƙanin kakana ya sayar da kayansa a wulaƙance ya hau mota, ya isa garin da bai taɓa gani ba, aka riƙa kiransa ɗan Gana har ya koma ga Allah. A 1983 Najeriya ta kori 'yan Gana kusan miliyan guda, cikinsu akwai malaman makaranta da yawa, akwai kuma 'yan zango masu sunan Musa da Garba. A nan a ce mana baƙi, a can a ce mana ba cikakku ba. Idan ka ji muna saurin ɗaukar zafi a kan wannan tambaya, daga nan ne.

Kukana na gaske ma ba da ku nake yi ba, da mutanenmu na zango ne. Littattafan da suka zo hannuna suna da adowa da kete na Tonawa, da kpanlogo na mutanen Ga, da bamaya da takai na Dagomba, amma ban ga shafi ɗaya a kan kiɗan zango ba. Ba hana mu aka yi ba. Waɗanda ke rubuta littattafan malaman kiɗa ne, mu kuma ba ma tura 'ya'yanmu su karanta shi. Yaro ya ce yana son Winneba, sai a ce zai zama maroƙi, alhali a bikin 'yar'uwarsa za a ɗauko mai na'ura ya cika unguwa da ƙara har dare ba wanda ya ce uffan. Masu goge da masu kiɗan ƙwarya da na sani ina yaro sun kusa ƙarewa, kuma 'ya'yansu sun kama tuƙi da gyaran waya.

Abin da muka fara shi ne tattara waƙoƙin gaɗa da na daka da taken sana'o'i, muna rubuta su da kalmomi da alamun kiɗa, don malamin da ba ya jin Hausa ma ya iya koyar da su. Malamar nan 'yar Fante ce ke duba mini rubutun alamun, ni kuma ina gyara mata lafazi. Inda muke tuntuɓe shi ne wasu baitocin sun gurɓace a bakin tsofaffinmu, akwai kalmomin da ba wanda ya san ma'anarsu kuma. Na ji ku ma kuna da darasin al'adu da fasaha a firamare da ƙaramar sakandare. Idan akwai malamin da ke koyar da shi da gaske a cikin sanayyarka, ka haɗa mu. Sannan idan Hajiya Babba tana da ƙarfin magana, ka zauna da ita da waya ta rera maka na gaɗar da ta tuna, ko guntu-guntu ne, ka turo mini mu gwada da namu.

A gaida mutanen gida duka, Allah ya bar zumunci.