An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Amsoshi Ga Masu Kiwon Kifi

Wani mai kiwo ya rubuto cewa tarwaɗa 1,000 ya zuba a tankin siminti, sun shiga wata na uku, yanzu kullum da safe sai ya tsame matattu biyar ko shida. Ruwan yana wari, kifin sun taso sama sun yi cirko-cirko, cin abincinsu ya ja baya. Ya zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta iri biyu bai ga sauƙi ba, yana so in faɗa masa wani mai ƙarfi.

Malam, ba zan faɗa maka ba. Irin wannan wasiƙa ta ishe ni, kuma kusan kullum amsar ɗaya ce: kifinka a cikin ƙazantarsu suke kwana. Daga furotin ɗin abincin da kake watsawa, abin da ke zama tsoka bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran yana komawa ruwa: wani a matsayin amoniya, wani sinadari mai dafi da kifin ke fitarwa ta mashaƙarsa da ke gefen kai, wani kashin da kifin ke yi ne, wani kuma abincin da ba a ci ba ne ya nutse ya ruɓe. Amoniya tana ƙona wannan mashaƙar, kuma dafinta na ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi ko ma'aunin pH, mai nuna ko ruwa ya yi tsami ko ya karkata ga kanwa, ya hau. Abin da ke yaudarar mutane shi ne tarwaɗa tana iya leƙowa ta haɗiyi iska, sai ta daɗe tana jurewa a ruwan da karfasa da tuni ta mutu a cikinsa. Kafin ka ga gawar farko, ɓarnar ta yi nisa.

Naɗe hannun rigarka ka zura hannu har ƙasan tankin, ta wajen kusurwa. In ka damƙo baƙin dagwalo mai santsi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, to ga cutarka nan a tafin hannunka. Ka dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, ba abin da zai same su. Ka zubar da rabin ruwan ta ƙasa, ka ƙara sabo a hankali, gobe ma ka maimaita. Idan ka dawo da ciyarwa, ka ba su abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15, ka tsaya a kansu kana kallo. Da ka ga sun rage wawaso, ka rufe buhu.

Na ce ta ƙasa, kuma a nan mafi yawan tankuna suka samu matsala tun ranar gini. Magini ya shafe daɓen a miƙe ɗoɗar kamar na ɗaki, ya huda bango daga sama ya sa bututu. Da ka saki sabon ruwa, mai tsabtar da ke sama ne ke malala waje, dattin yana kwance abinsa. Daɓe ya kamata ya ɗan gangara zuwa mafitar ruwa. A bakin mafitar a kafa bututu a tsaye, tsayinsa daidai inda kake son ruwa ya tsaya, sannan a zura masa wani mai faɗi wanda ya fi shi tsawo, an yi masa tsaga-tsaga a gindi. Ruwa ba shi da hanyar fita sai ta waɗannan tsagogin, don haka da dattin yake tafiya. Kuɗin bututu biyun nan bai kai na magungunan da ka riga ka saya ba. Ka kuma tuna maganin da ka zuba yana zama a tsokar kifin na ɗan lokaci, kada ka fitar da su kasuwa sai wa'adin da aka rubuta a jikin maganin ya cika.

Wata baiwar Allah ta ce maƙwabta sun fara ƙorafi kan ruwan da take saki a kwata. Hajiya, suna da gaskiya, kuma taki ne kike zubarwa. Ki haƙa rami a ƙasan gangare inda ruwan zai fara tsayawa dattin ya kwanta. Na saman ki ja shi zuwa lambu, a gindin shuka ba a kan ganyen da ake ci ɗanye ba. Dagwalon ki kwashe, ki haɗa da busasshiyar ciyawa ya ruɓe ya zama taki. Ramin ya yi nesa da rijiya. Ruwan da aka sa wa gishiri ko magani kuwa, kada ya je lambu.

Mai tambayar ko zai iya zuba 'ya'yan kifi a tankin da aka gama shafewa shekaranjiya: a'a, sabon siminti yana hawar da pH, ka jiƙa shi aƙalla mako biyu kana sauya ruwan, ka wanke, ka auna kafin ka zuba.

Wani kuma zai haƙa tafkin ƙasa, yana so ya san ko filinsa zai riƙe ruwa. Ɗebo ƙasar daga zurfin da za ka haƙa, ka jiƙa, ka dunƙula, ka cilla sama ka cafe. In ta tarwatse, yashi ya yi yawa, sai dai ka shimfiɗa leda. In ta zauna a dunƙule, akwai yumɓu, ka haƙa zurfin mita 1 zuwa 1.5.

Game da koren ruwa a tafkin karfasa, alheri ne matuƙar bai yi kauri ba. Zura hannu a ruwan zuwa gwiwar hannu: in tafin ya ɓace tun kafin ka kai nan, ka daina zuba taki ka ƙara ruwa, domin gansakukar da ke sa ruwan ya yi kore, mai ba da iska da rana, ita ce ke shanye ta da dare, shi ya sa kifin ke haki da asuba.

Mai jefa wa sauran tarwaɗa matattun 'yan uwansu don rage kuɗin abinci, ka bari. Tsame su da wuri, ka binne da zurfi, ka barbaɗa farar ƙasa a kai.